Muryar da Ke Cikin Rami

Ranar Laraba da hantsi Armand Pelchat ya bugo wa Solange waya. Bai tsaya gaisuwa ba, alamar yana da labari ke nan, domin Armand ba ya tambayar lafiyar mutum sai in bakinsa ba komai.

"Solange, kina tsaye? To nemi kujera. Garrowby ya rubuto mana wasiƙa. Mu ɗin nan fa, ba 'yan Montréal masu ɗaga hanci ba. Mu 'yan Shawinigan!"

"Ya samu sauƙi ne?"

"Ina fa! Hannun ya tafi, jita kam ya ajiye ta ke nan. Amma zai fitar da faifan wasan nan namu na coci. Ya ce yanzu an samu na'urar da za ta kankare muryar jakin nan tas, kamar ba a taɓa yi ba. Kuma tunda a garinmu aka yi ɓarnar, mu za mu zaɓa, a kankare ko a bari. Ya aiko da naɗin yadda yake don mu ji. Lahadi ƙarfe biyu, gidana. Ki taho da alewar madarar nan taki."

Solange ta ajiye wayar. Ta tsaya tana kallon tukunyar da ke kan wuta har miyar ta kama.

Wanda bai san mutanen Ellis Garrowby ba zai ɗauka 'yan wata ɗariƙa ce. Shi mutumin Ingila ne, siriri, ba ya dariya a hoto, kuma waƙarsa ɗaya tana iya cinye rabin awa. Gidajen rediyo ba sa saka shi, yara ba su san shi ba, amma a garuruwan nan na bakin kogi da masana'antun takarda suka mutu suka bar mutane, yana da masoya da za su iya rabuwa da suruki a kansa. A Shawinigan shekara ashirin da biyu ke nan suna taruwa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan Armand, Lahadin farko ta kowane wata. Suna da dokokinsu, kuma sun riƙe su fiye da yadda iyayensu suka riƙe na coci. Ba a magana in faifai yana juyawa. Ba a shiga waƙa daga tsakiya, ko gobara ake yi sai an faro ta daga farko. Ba kuma wanda ke sauraron sabon abu shi kaɗai kafin 'yan uwa su ji.

Babbar dokar kuwa ta Rami ce. A cikin doguwar waƙarsa mai suna "Ƙarƙashin Ƙanƙara", in an kai minti goma sha bakwai, sai komai ya tsaya cak. Ba jita, ba ganga, ba numfashi, a kashe fitilu gaba ɗaya, har daƙiƙa arba'in. Wasu sun ce don ƙaninsa da ya nutse ya yi haka, wasu sun ce ƙarya ne, shi bai taɓa cewa komai ba. Masoyansa ne suka sa wa wurin suna Rami. A duk ƙasar da ya je, dubban mutane kan riƙe tari, su riƙe atishawa, su zauna cikin duhu kamar an kwashe su. Wannan shirun shi ne abin alfaharinsu, shi ne nasu kason a cikin waƙar.

Wuri ɗaya tak aka taɓa karya shi a duniya, a Shawinigan, shekara goma sha ɗaya da suka wuce. An yi wasan ne a tsohon cocin da aka mayar gidan kiɗa bayan masu ibada sun ƙare. Mutum ɗari shida, ana naɗar wasan don a fitar da faifai, kuma duk wanda ya je zai gaya maka Garrowby bai taɓa kaɗa jita kamar ranar ba. Aka shiga Rami, fitilu suka mutu. Ba a yi daƙiƙa goma ba wani mutum ya ɗaga murya daga cikin duhu ya ce, "Ina ne nan? Ku kunna wuta! Ina matata?"

Garrowby ya ƙarasa waƙar, ya sunkuya, ya fita. Bai dawo ya ƙara ko ɗaya ba duk tafin da aka yi, faifan bai fito ba, bai kuma sake taka garin ba. Aka yi ta neman mai laifin ba a samu ba. Masoyan Garrowby na duniya suka raɗa masa Jakin Shawinigan, suka yanke cewa wani mashayi ne da ya cika ciki da giya ya ɓatar da matarsa. A ɗakin Armand kuwa abin ya zama abin tsokana. In wani ya rasa makullin mota ko tabarau, sai ya shafa aljihu ya ce, "Ina matata?" a kwashe da dariya.

Solange ta san ko wane ne. A gefenta yake zaune, layi na huɗu, hannunsa a kan gwiwarta.

Rosaire Bérubé mijinta ne, mai gyaran injina a masana'antar takarda shekara talatin da ɗaya, mutum mai tsadar magana. Shi ya kawo ta cikin wannan harka. Da farko ta riƙa bin sa ne don kada a bar ta gida ranar Lahadi, daga baya kiɗan ya kama ta fiye da shi. Rosaire yakan ce waƙar Garrowby irin injin da aka haɗa da gaskiya ce, kowane haƙori yana cizon inda ya kamata. Yakan ƙirga mata bugun da yatsa a kan gwiwarta, bakwai bakwai maimakon huɗu huɗun da kowa ya saba, ya matse ta daidai inda mai ganga ya saci taki ɗaya. Bai sha ko ɗigon giya ba ranar wasan. Abin da ya faru a cikin duhun nan shi ne karo na farko da ƙwaƙwalwarsa ta sake shi. Da fitilu suka dawo yana zaune lafiya lau, a mota ma shi ya fara cewa, "Wane mara mutunci ne ya yi ihun nan?" Solange ta kalle shi ta ga da gaske yake tambaya. Tsoro ya kama ta, kunya kuma ta fi tsoron ƙarfi, sai ta ce ba ta ga ko waye ba.

Shekara guda cur Rosaire yana dariyar "Ina matata?" tare da kowa. Bayan nan likitoci suka ba ciwon suna. A shekara ta uku magana ta fara zubewa daga bakinsa, a ta huɗu ta ƙare. Ya ƙara shekara huɗu a gidan jinya yana kallon taga bai ce uffan ba, sannan ya rasu. Shekara uku ke nan.

Abin da ke cin Solange, wanda ba ta gaya wa kowa ba, shi ne ta manta muryarsa. Tana iya tuna kalmomin, amma da muryarta take jin su. Ta birkice gidan kaf ba ta samu komai ba. Gaisuwar da ke kan wayar gida ita ta naɗa. Bidiyon bikin 'yarsu shi ya riƙe kyamara, awa biyu bai yi ko tari ba. Bai taɓa barin saƙon murya ba, yakan ce in mutum ba ya nan ai ba ya nan. Duk duniya wuri ɗaya ya rage da Rosaire ke magana, kuma ranar Lahadi mutum tara za su ɗaga hannu a goge shi.

Ta shirya abin da za ta ce. Za ta ce wasa wasa ne, abin da ya faru ya faru, kada a yi wa tarihi kwalliya. Magana ce irin wadda masoyan Garrowby ke so, tana iya jawo mutum uku ko huɗu. Sunan Rosaire kuwa ba za ta ambata ba. Mutanen nan su suka ɗauki akwatin gawarsa, ba za ta miƙa musu shi a matsayin jaki ba.

Ranar Lahadi dusar ƙanƙara ta kwana tana zuba, ta wayi gari ba ta gaji ba. Solange ta sauka matakalar ɗakin Armand da kwanon alewa, ta tarar da takalma jere a ƙofa suna ɗiga. Ɗakin yana nan yadda yake, da warin kofi da tsohuwar darduma, faifai sun cika bango har rufi, ga manyan lasifikoki biyu da Armand ya fi kula da su fiye da haƙoransa. Kujerar Rosaire tuni wani ya gaje ta.

Lucette, ƙawarta mai gyaran gashi, ta matsa mata wuri. "'Yar uwa, kin ga fuskarki kuwa? Kamar wadda ta kwana a tashar mota."

"Sanyi ne."

"Sanyin me, ke da aka haifa a cikin firji? Miƙo alewar nan kafin Shugaba ya gan ta, likita ya hana shi sukari."

"Na ji ki, Lucette," in ji Armand daga gaba. Tsohon malamin lissafi ne, ƙato mai farin gemu, ya sa rigar wasan nan na coci wadda yanzu ba ta rufe masa ciki. "Likitan da bai san Garrowby ba, me ya sani?"

"Ranka ya daɗe, rigar nan fa tana neman agaji."

"Rigar lafiyarta lau, wanki ne ya tsuke ta."

Yvon, mai gyaran rediyo da talabijin, yana durƙushe yana haɗa kwamfutarsa da lasifikokin. Shi aka aiko wa naɗin. Armand ya tsaya a kansa ya ce, "Ka rantse ba ka leƙa ba?"

"Kwana biyar yana cikin na'urar nan ina zagaya shi kamar mai azumi da kwanon abinci. Ban taɓa ba."

Armand ya karanta musu wasiƙar a tsaye. Garrowby ya ce yatsunsa sun daina jin maganarsa, ba zai ƙara hawa dandali ba, kuma da ya koma ya saurari duk abin da ya taɓa naɗa, bai ga daren da ya kai na Shawinigan ba. Ya ce ya yi fushi a lokacin, yanzu ya tsufa bai san ko fushin yana da amfani ba. Shirun nan, in ji shi, ba nasa ba ne, na masu sauraro ne, saboda haka su yanke. Wani dattijo a baya ya cire tabarau yana goge ido. Solange ma ta ji abin ya taɓa ta. Mutumin nan ya raka ta shekarun gidan jinya, a mota, zuwa da dawowa, lokacin da ba wanda ya san abin da zai ce mata.

"To," in ji Armand, ya ninke takardar. "Yau za mu wanke sunan garin nan. Kashe fitila, Yvon. Kowa ya san doka."

Waƙar ta faro da fiyano shi kaɗai, a hankali, kamar mai taka ƙanƙarar da bai yarda da ita ba. Sai ganga ta shigo, sai jitar. Ba ƙarya mutane suka yi ba, ranar Garrowby ya kaɗa abin da ya fi ƙarfinsa. Solange ta ji cocin ya dawo mata gaba ɗaya, sanyin benci, warin rigunan da suka jiƙe. Ta tsinci yatsanta yana ƙirga bakwai a kan gwiwarta, ta danne shi da ɗaya hannun. Tana son minti goma sha bakwai ɗin nan su zo, tana kuma tsoron zuwansu.

Kiɗan ya hau, ya hau, ya tsaya cak.

Shirun mutum ɗari shida ya cika ɗakin. Sannan muryar ta fito, kusa ƙwarai, domin ashe akwai makirfo rataye daidai saman layi na huɗu.

"Ina ne nan? Ku kunna wuta! Ina matata?"

Shi ne. Ya fi yadda take zato kauri, da ɗan kaushin nan na mai aiki cikin ƙarar inji. Yadda yake jan ƙarshen kalma, yadda numfashinsa ke fita ta hanci, duk suka dawo mata a lokaci ɗaya, har ta ji kamar an buɗe ƙofar gida an shigo. Kuma duk mai kunne zai ji ba muryar mashayi ba ce. Muryar mutum ce da ya farka bai san inda yake ba.

Sai wata murya ta biyo baya, ta mace, ƙasa-ƙasa, a matse tsakanin haƙora.

"Rufe mana baki. Kana kunyata ni."

Armand, mai doka da kansa, ya buga cinya ya fashe da dariya. "Madalla! Kun ji mace? Kun ji 'yar halak?" Biyu uku suka taya shi, wani ya yi tafi, suka cinye sauran Ramin da hayaniya har ganga ta dawo.

Solange ba ta ji sauran waƙar ba. Shekara goma sha ɗaya tana gaya wa kanta cewa a cikin duhun nan ta kama hannunsa ta matse. Ta maimaita wa kanta haka har ta ga hoton abin a ranta. Ta yarda ta yi ƙarya a mota, ta yarda ta ɓoye, amma ta ɗauka aƙalla da ya neme ta ya same ta. Ashe ga abin da ya samu. Mijinta ya faɗa rami na gaske yana kiranta, ita kuwa tana tsaron shirun wani Bature.

Da aka kunna fitila Lucette ba ta kalle ta ba, ta kafa wa darduma ido, fuskarta ta yi fari. Shekara talatin tana jin muryar Solange a ƙarƙashin na'urar busar da gashi, ba za ta ɓace mata ba. Yvon ma ya tsaya da hannu a kan kwamfuta bai motsa ba. Shi da Rosaire sun yi shekaru suna kamun kifi a jirgi ɗaya.

Armand kam bai ga komai ba. Yana tauna alewa yana cewa, "Kun ji yadda ya shigo bayan Ramin? Da fushi ya kaɗa, wallahi, shi ya sa ta yi daɗi. Kai, amma jakin nan! Ni da zan san shi, ko a kabari yake sai na je na yi masa magana. Matar kuwa a ba ta lambar yabo, Allah kaɗai ya san abin da ta sha a hannunsa. To, kada mu ɓata lokaci. Masu cewa a kankare."

Hannaye shida suka tashi. Armand ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya ɗaure fuska. "Lucette? Yvon? Hannuwanku sun shanye ne? Solange, ke fa?"

A nan Solange ta ga ƙofa a buɗe. In ta ɗaga hannu, za a goge duka biyun, nasa da nata. Faifan zai fita da shiru mai tsabta, duniya ta yaba, ba wanda zai ƙara jin abin da ta ce, har ita kanta. Lucette da Yvon za su rufa mata asiri har su mutu, ta san su. Hannunta ma ya ɗan motsa a kan cinyarta, abin da ba za ta taɓa yafe wa hannun ba. Maganar tarihin da ta shirya kuwa ta neme ta ta rasa.

"Rosaire ne," ta ce.

"Me ya sami Rosaire, Allah ya jiƙansa?"

"Jakin. Rosaire ne, Armand. Matar kuma ni ce."

Hannayen suka sauka ɗaya bayan ɗaya, kamar masu su ba su san lokacin da suka ɗaga ba.

"Bai sha komai ba," in ji Solange. Muryarta ta fito a bushe, ta yi mamakin hakan. "Ranar ciwon ya fara. Kafin mu kai mota ya manta. Ku kuka ba shi labarin, ya yi ta dariya tare da ku. Ni kuma na zauna a nan ina ba ku alewa."

"A'a," in ji Armand. "A'a, Solange, ai da na gane. Rosaire fa! Ni na..." Ya nemi kujera da hannu ya zauna, kujerar ta yi ƙara. "Na je duba shi a gidan jinya. Ya ƙi kallona, na ce bari in sa shi dariya. Na shafa aljihu na ce masa..." Bai iya ƙarasawa ba. Ya rufe fuska da manyan hannayensa, ƙaton mutum ɗan shekara saba'in, ya yi ta kuka kamar an mare shi.

Solange ta so ta ji haushinsa, ta duba ba ta samu ba. Armand wawa ne irin na masu gaskiya, abin da aka ɓoye masa bai sani ba. Ita ce ta sani.

"Me ya sa ba ki faɗa ba, 'yar uwa?" in ji Lucette, ta kama hannunta.

"Da farko kunya. Daga baya kuma ya yi nisa." Ta juya ga sauran. "Ba ni da muryarsa ko'ina. Ko kalma ɗaya. Sai wannan."

"A bar shi," in ji dattijon nan na baya. "Wa zai goge Rosaire? A bar shi, 'yan Montréal su mutu."

Kowa ya amsa. Ba a ma sake ɗaga hannu ba.

Yvon ya share maƙogwaro. Mutum ne da in ya ga abu ya lalace sai ya nemi inda zai sa sukurdireba. "Solange, ji mana. Na'urar da za ta iya cire muryarsa za ta iya cire taki ita kaɗai. Taki ma ta fi sauƙi, ƙasa-ƙasa take. Mu rubuta a bar muryar namijin, a ɗauke ta macen. Ba wanda ya taɓa jin ta sai mu tara. Ba wanda zai sani."

"Haka za a yi," in ji Lucette da sauri. "Tsoro ne ya sa ki, kowa zai iya faɗin haka. Ba sai kin yi ta jin sa har ƙarshen ranki ba."

Tayin ya yi mata daɗi, ba za ta musa ba. Ta ga kanta a kicin tana saka faifan, Rosaire ya yi kira, shiru ya biyo baya, ita kuma ta cika shirun da duk amsar da ta ga dama. A shekara biyu za ta koma yarda cewa hannunsa ta kama. Ta riga ta san tana da wannan gwanintar.

"A'a," ta ce. "Na yi masa gyara sau ɗaya, kun ji yadda ta kaya. Abin da ya ce da abin da aka amsa masa, a bar su tare. Armand, share fuskarka ka rubuta."

Armand ya jawo takarda. Ya tambaya ko a sa suna. Ta ce a sa na Rosaire Bérubé, mai gyaran injina, wanda bai taɓa fashin Lahadi ba shekara goma sha uku, a kuma faɗi ciwon da ya kama shi. Ya ce nata fa? Ta ce a rubuta matarsa, ai ita ya tambaya.

Da ya gama kowa ya sa hannu. Wasu suka fara laluben riguna, domin ba wanda ya san yadda ake tashi daga irin wannan zama. Solange ba ta motsa ba.

"Yvon, sake saka mini. Ɗazu ban ji shi sosai ba."

"In kai ki daidai wurin?"

Ta kalle shi. Shi ma ya ji abin da ya faɗa, ya sunkuyar da kai, ya mayar da waƙar farko. Masu riguna a hannu suka koma suka zauna. Armand da kansa ya tashi ya kashe fitila.

Fiyano ya sake farowa. Minti goma sha bakwai ba su taɓa yi wa Solange tsawo haka ba, ba su kuma taɓa yi mata kyau haka ba, abin da ya ƙara mata baƙin ciki. Ta zauna a miƙe, ta shirya wa muryarsa, ta shirya wa tata. Ta ce a ranta duk abin da ke ciki ta riga ta ji, na biyu ba zai kai na farko zafi ba.

Kiɗan ya tsaya. Rosaire ya tambayi ina ne nan, ya ce a kunna wuta, ya nemi matarsa. Matarsa ta ce ya rufe baki yana kunyata ta. Wannan karon ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya yi tafi, mutum tara suka riƙe shirun yadda aka koya musu. A cikin naɗin ana jin benci ya ɗan yi ƙara, ana jin numfashin mutum yana sauka a hankali. Sai can ƙasa, a wurin da hayaniyar Armand ta rufe ɗazu, muryar ta sake fitowa, ƙarama, ta daina rawa, irin ta wanda ya ji muryar gida ya samu natsuwa.

"Au, kina nan. Yi haƙuri, Solange."

Daƙiƙun da suka rage suka wuce, ganga ta shigo daidai inda Garrowby ya rubuta. Saura minti tara waƙar ta ƙare, kuma ba a magana in faifai yana juyawa.